Kafin ku ɗauko shi da tsakar dare ku ce a yi masa allura

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare aka shigo da ita, cikin sanyin Disamba irin na Jos da ke hana yatsu riƙe biro. Mijinta ya kama hannu ɗaya, ƙaninsa ya kama ɗaya, ɗankwalinta ya faɗi tun a bakin ƙofa ba wanda ya tsaya ɗauka. Mijin ko sallama bai yi ba. "Sista, a taimaka a yi mata allura. Tun bayan isha'i take fasa kwanuka, ta hana unguwa barci."

Na ce su ɗan ba mu wuri. Da suka fita na ɗauko mata ɗankwalinta, na ba ta ruwa, na tambaye ta yau wace rana ce. Ta ce Laraba, sai ta dubi agogon bango ta ce a'a, Alhamis, tunda sha biyu ta wuce. Ta lissafo mini 'ya'yanta huɗu da ajin da kowa yake. Sannan ta faɗi abin da ya faru. Bayan sallar isha'i mijin ya gaya mata jibi za a ɗaura masa aure, kuma kuɗin adashinta da ya karɓa watan jiya da sunan ƙarin jari, da su aka haɗa lefe.

Matar nan lafiyar hankalinta ƙalau. Amma an yi mata allurar, kuma ni na yi mata da hannuna. Likitan da ke aiki a daren yana fama da mutum biyu da suka yi haɗarin mota, mijin yana tsaye a kanmu, ita kuma da ta hango shi sai kukan ya dawo sabo. Aka buɗe mata fayil, aka cike gurbin da ake rubuta sunan cuta. Ta yi barci har hantsi. Ranar Juma'a aka ɗaura aure. Bayan shekara biyu nata auren ya mutu, da aka zo jayayya kan riƙon yara, katin asibitin nan ya fara zarowa daga aljihu.

Na yi shekara 20 da 'yan kai ina aikin jinya a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa a nan Jos, kusan rabinsu a aikin dare. Abin da zan rubuta, shi nake gaya wa 'yan'uwana da maƙwabtana idan suka bugo mini waya cikin dare suna cewa wane ya rikice.

Ban cika ganin laifin iyalai ba. Ƙarfe ɗaya na dare mai unguwa ya yi barci, liman ya rufe ƙofa, kotu sai da safe, waliyyin matar yana Bauchi ko Lafiya. Ƙofa ɗaya ce a buɗe da fitila a kunne, ita ce ta imajensi. To mu kuma abin da ke hannunmu a ƙidaye yake: allura, ƙwaya, gado, da biro. Ba mu da kuɗin haya a durowa, ba mu iya tayar da jarin da ya karye. Wanda bashi ya hana barci sai mu ba shi maganin barci, mai bin bashin kuma yana nan zai yi sallama da sassafe. Tun 1972 wani masanin zamantakewa a Amurka, Irving Zola, ya yi rubutu kan yadda asibiti ke karɓe al'amuran da a da addini da shari'a ke ɗauke da su. Namu ya zo da ƙarin nauyi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Wanda zai gan ku da daddare galibi ƙaramin likita ne da layi a bayanku. Sauraron labarin mutum yana cin awa guda, allura kuwa minti biyu.

Waɗanda ba a jira musu gari ya waye

Zan fara da wannan don kada wani ya karanta rabi ya ce Sista ta ce a daina zuwa asibiti. Akwai halin da ko ana ruwan sama, ko ba mota sai ta maƙwabci, dole a taho.

Na farko, wanda ya ambaci kashe kansa. Kada ku ce ai mai faɗa ba ya aikatawa, na ga waɗanda suka faɗa kuma suka aikata. Idan mutum ya fara cewa gara ya huta, yana bin mutane yana neman gafara ba dalili, yana rabar da kayansa, to wanda ya fi kusa da shi ya zauna da shi ya tambaye shi kai tsaye: "Yaya, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma ajiyar zuciya za ku ji ya yi. In ya ce eh, musamman in ya riga ya tsara yadda zai yi, kada a bar shi shi kaɗai ko a banɗaki, a taho da shi. In kuwa har ya sha wani abu, don Allah a bar ɗura manja da madara da zura yatsa a maƙogwaro. Aman yana iya gangarawa huhu ya ƙara ɓarna. A ɗauko kwalbar ko kwalin abin da ya sha a zo da shi tare. Na san dalilin ɓoyewa: dokar laifuka da muka gada daga Turawa ta sanya yunƙurin kashe kai cikin laifukan da ake ɗaure mutum har shekara 1. Duk da haka ku gaya wa likita gaskiya. In kuka ce guba ya ci a abinci, maganin da za a nema daban ne, lokaci kuma yana tafiya.

Na biyu shi ne wanda aka fi kuskurewa. Mutum yana lafiya jiya, yau bai san inda yake ba, yana kiran matarsa da sunan babarsa, yana kama abubuwa a iska, ya farfaɗo da rana ya rikice da dare. Wannan sau da yawa ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, sanƙarau, sukarin jini ya faɗi, ciwon hanta ko ƙoda, ko faɗuwa a kan babur kwana uku da suka wuce da aka ɗauka ba komai. Ku taɓa jikinsa. In da zafi, ko wuya ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, ko dattijo ne da bai taɓa irin haka ba, asibiti kai tsaye. Irin wannan mutum in aka danne shi da maganin barci a gida, ana iya rufe alamar abin da zai kashe shi.

Mai jego ma tana cikin sahun. Kuka da saurin fushi a kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa ya zama ruwan dare, kuma yakan wuce cikin mako biyu. Amma wadda ta daina barci gaba ɗaya ko jariri ya yi barci, take cewa yaron ba nata ba ne, ko an canza shi, ko ana umartar ta ta yi masa wani abu, wannan ciwo ne na gaggawa da yakan taso cikin makonnin farko. Yana jin magani sosai. A karɓi jaririn cikin lalama, a taho da ita da wata babbar mace da ta yarda da ita. Kada a jira a yi suna.

Sai wanda yake jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kafe cewa maƙwabta sun dasa masa na'ura a ɗaki. Da wanda ya kwana huɗu bai rintsa ba amma ƙarfi sai ƙaruwa yake, yana rabon kuɗi yana cewa gwamna na jiransa. Da wanda ya ɗauki makami. Da wanda ya daina ci da sha da magana ɗungurungum. Da mashayin giya da ya daina kwatsam, jikinsa na karkarwa yana ganin ƙwari a bango, da matashin da ya yi jijjiga bayan ya sha tiramadol. Duk waɗannan namu ne, ku kawo su. In babu abin hawa a gwada lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

In ba ko ɗaya daga cikin waɗannan

To a nan ne nake so ku ja kujera ku zauna. Ruwa ba ya tsami banza. Tambaya ta farko: me ya faru jiya ko shekaranjiya? Mai gida ya ba da wa'adin tashi? Sakamakon jarrabawa ya fito? An ƙwace keken haya saboda ba a kawo balas ba? An sa ranar auren da yarinya ba ta so? Takardar saki? Idan akwai abu, kuma girman kukan ya yi daidai da girman abin, to kuna kallon mutum ne da aka ƙuntata wa.

Ta biyu: ku saurari maganar tasa, ban da ƙarar muryar. Mai baƙin ciki yana ihu, yana zagi, yana iya fasa tangaram, amma zancensa a jere yake. Ya san wa ya yi masa, ya san yaushe, ya san nawa ne kuɗin. Mai taɓin hankali zancensa yakan tsinke, ya ɗauko nan ya dire can, ko ya ginu kan abin da babu shi.

Ta uku: ku fitar da wanda ake rigimar da shi daga ɗakin, ku ga abin da zai faru cikin rabin awa. Ciwon ƙwaƙwalwa na gaske ba ya lafawa don miji ya fita tsakar gida.

Ta huɗun ita ce mai ɗaci, kuma ita ce ban yi wa kaina ba a daren da na ba ku labari: wa zai ji daɗi in mutumin nan ya yi shiru? Na ga an kawo matashi don ya ƙi yarda a sayar da gidan gado. Na ga an kawo yarinya da ke faɗuwa duk lokacin da aka ambaci wanda za a ba ta, rabin gida na cewa iska ce, rabi na cewa hauka. Faɗuwar tata ba ƙarya ba ce, jikinta ne yake faɗin abin da aka hana bakinta faɗa, kuma ya kamata likita ya duba ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce. Amma da aka janye maganar auren ba ta sake faɗuwa ba. Idan wanda ya fi kowa matsawa a yi allura shi ne wanda ake ƙorafi a kansa, ku yi hattara.

Kada a fahimce ni a baibai. Matsalar rayuwa tana iya zama ciwo. Wanda jarinsa ya karye yana iya zarcewa cikin ciwon damuwa na ainihi. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne mako biyu: in mutum ya yi mako biyu a jere kusan kullum cikin ƙunci, ya daina jin daɗin komai, ci ya ragu, yana farkawa tun kafin assalatu ya kasa komawa, ya kasa fita nema, to lokacin ganin likita ya yi. Sai dai a gan shi da rana, a ranar da likitocin ƙwaƙwalwa ke zaman ganin marasa lafiya, inda za a ba shi lokaci. A nan Jos asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo yana da sashen. In kuma kun auna kun auna zuciyarku ba ta kwanta ba, ku taho ko ƙarfe nawa ne. Gara ku zo a ce ku koma gida.

Gidan makoki

Wannan ya fi kowanne yawa. An yi rasuwa, matar mamaci tana kuka tana shiɗewa, sai wata daga cikin masu zaman makoki ta buɗe jaka ta ciro ƙwayar sa barci irin Valium ko Lexotan. Ko a kwaso ta a kawo mana a ce a sa mata ƙarin ruwa da allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2013, ta ce kada a ba da irin waɗannan magunguna, dangin diyazefam, don rage firgici ko rashin barci a watan farko bayan mutum ya ga tashin hankali. Mu da muka rayu a garin nan lokacin rikicin 2001 da 2008 da 2010 da ranar bam ɗin Taminus a 2014 mun san irin daren da ke biyo baya: zabura, mafarki, jin ƙarar ƙofa a ɗauka harbi ne. Yawancin mutane wannan yana raguwa da kansa cikin makonni. A sabon kundin cututtuka na hukumar da ya fara aiki a 2022, an ma cire irin wannan gigita ta kwanakin farko daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Baƙin cikin rashi kuwa ba a fara kallonsa a matsayin lalura sai ya wuce wata 6 yana nan da zafinsa yana hana mutum rayuwa. Kundin likitocin Amurka ya sa shekara guda ga babba. Ku duba namu tsarin: kwana uku ana zaman karɓar gaisuwa, takaba wata huɗu da kwana goma. Ba wanda ya taɓa tsammanin mace ta warware cikin mako guda.

Na sha jin matan da aka ba ƙwaya ranar rasuwa suna cewa ba su tuna fitar da gawar ba, ba su tuna wa ya zo gaisuwa ba, kuma abin yana cin su. A bar ta ta yi kukanta. A tabbatar tana shan ruwa, tana ɗan kurɓar kunu, in mai hawan jini ce ko ciwon suga tana shan maganinta na kullum.

Yadda za a kwana

A rage taro. Mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya kowa na cewa "yi haƙuri" wuta suke ƙara wa. A bar mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su, a kori yara da masu leƙe ta taga, a hana kowa ɗaukar bidiyo. Wannan na ƙarshen da gaske nake, bidiyon dare ɗaya ya hana wata aure a unguwarmu.

Wanda ya zauna da shi ya zauna ƙasa, kada ya tsaya a kansa. Ya yi magana a hankali ko ma ya yi shiru. Wa'azi ba yanzu ba. Mutumin da aka ƙwace wa keke ya san ƙaddara, abin da yake so a fara ji shi ne nawa ake bin sa. A haɗa shayi, a kawo bargo, sanyin garin nan kaɗai yana ƙara wa mutum karkarwa. In yana son a yi masa karatu ko addu'a a yi, yana sanyaya zuciya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka da bulala da turara barkono da ɗauri da igiya da sunan fitar da aljani. Wanda ya ga abin da aka bankaɗo a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019 ya san inda wannan hanya ke kaiwa.

Cikin hikima a kwashe maganin ɓera da na ƙwari da tarin ƙwayoyin gidan da wuƙaƙe a kai maƙwabta. Ba sai an sanar ba.

Idan numfashi ya sarƙe, zuciya na bugawa, yatsu na ɗaurewa, yana cewa zai mutu, wannan yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya sauka. A sa shi ya ja numfashi ta hanci ya saki a hankali, ana yi tare da shi. Amma in karon farko ne, ko mutum ya manyanta, ko mai hawan jini ne, ko ciwon ƙirjin na tafiya hannu, a kai shi a duba zuciya.

Kada a aiki yaro kemis ya karɓo "maganin barci mai ƙarfi". Kada a ari na maƙwabci. Diyazefam yana kama jiki cikin 'yan makonni, ranar da aka daina rashin barcin ya dawo ninki. Yawancin matan da na gani suna fama da ƙwaya, daga wani dare irin wannan suka fara.

In dai kun zo

Ku zo mutum biyu, ba mota biyu ba. Ɗaya ya zama wanda ya ga abin daga farko. Ku taho da duk maganin da yake sha, har na gargajiya, da tsohon katinsa in yana da shi.

Idan likita ya tambaya, kada ku ce "ya haukace". Ku faɗi abin da ido ya gani: ya kwana biyu bai yi barci ba, ya fasa waya, ya ce kaza. Sannan ku faɗi abin da ya jawo, ko da akwai kunya a ciki. Iyalai da yawa sukan ɓoye maganar bashi ko auren dole ko duka, su bar likita da rabin labari. Likitan da aka ba rabin labari, abin da ya rage masa shi ne ya rubuta cuta. Ku roƙa a ba mutumin minti biyar shi kaɗai da likita ko nas. Mace ba za ta faɗi cewa ana dukanta ba alhali mai dukan yana riƙe da jakarta.

Ku tabbatar an auna zafin jiki da hawan jini da suga kafin a yi maganar allura. In za a yi, kuna da damar tambaya: "Likita, mene ne sunanta? Me za ta yi masa? In ba a yi ba me zai faru?" Ba rashin kunya ba ne. Ku rubuta sunan a takarda, domin akwai irin su halofaridol da Largactil da kan sa wuya ya murɗe, harshe ya fito, ido ya kafe sama bayan awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. Iyali su ga haka su ce aljanin ya fito fili, alhali illar magani ce da ake warwarewa cikin ɗan lokaci in aka dawo da shi. In an rubuta maganin damuwa, ku sani ba ya aiki a daren, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu. Irin su amitiriftilin kuma suna da haɗari in aka sha da yawa, don haka wani babba ya riƙe kwalin yana ba shi na kullum.

Ku kuma tambaya me aka rubuta a fayil. Sau da yawa abin da aka rubuta da daddare hasashe ne na wucin gadi, ana jiran babban likita ya tabbatar ko ya soke. In ba ku dawo ranar da aka ba ku ba, hasashen nan shi zai zauna. Ku dawo, ko da mutumin ya warware sarai, musamman ma in ya warware.

Doka ma ta canza. Daga 1958 har zuwa 2023, dokar mahaukata ta zamanin Turawa ce ke aiki a ƙasar nan. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ta tanadi haƙƙin majinyaci a yi masa bayani, a nemi yardarsa, a rufa masa asiri, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da sonsa ba. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, amma babu miji ko yaya da ke da ikon cewa a kulle wane don kawai ya dame shi.

Da gari ya waye

Nan ne ake yin sake. Mutum ya yi barci, ya tashi shiru, kowa ya ce Alhamdu lillahi ya kama gabansa. Bayan wata guda mu sake ganin su.

Da safe a kai matsalar wajen mai ita. In ta aure ce, waliyyai su zauna a yau, kada a ce sai bayan Sallah. In da duka a ciki, ta koma gidansu tukuna. In ta haya ce, dattijo ɗaya ya je wajen mai gidan ya nemi wata guda, dangi su buɗe karo-karo. In ta gado ce, kotu ko malamin da ya san rabo. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin jama'a, ma'aikatansa aikinsu ke nan, amma mutane ƙalilan ne suka san da su. Ku tambayi nas ta nuna muku ƙofar. Ko Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan da ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abekuta a 1954, masu ciwon gaske ma cikin gidajen mutanen ƙauye ya sauke su, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. Balle wanda damuwarsa kuɗin makarantar yara ce.

Akwai wani yaro mai tuƙa keken haya da aka taɓa kawo mana, ɗan wajen Rikkos ne, shekararsa ba ta fi 23 ba. Babarsa ta kawo shi da asuba yana dukan kansa da bango. A wannan karon na ce a dakata da allura. Na auna shi, ba zazzaɓi, suga daidai. Na tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ya ce a'a, kunyar fita yake ji. Balas ɗin kwana tara ake bin sa, ya kashe kuɗin a maganin ƙanwarsa, mai keken ya ƙwace makulli a gaban abokansa. Na ce, "Mama, wa yake jin maganarsa a dangi?" Ta ce kawunsa da ke sayar da katako a Laranto. Muka bugo masa. Ya iso wajen ƙarfe bakwai da hula a karkace, ya ji bayani, ya ce shi zai je wajen mai keken da kansa. Likita ya ba yaron ranar dawowa bayan mako biyu don a sake duba shi, bai rubuta masa ƙwaya ko ɗaya ba.

Ya dawo ranar. A keken ya zo, ya ajiye shi a inda aka hana ajiyewa, mai gadi na ta yi masa faɗa.